Bishiyar da Ta Tare wa Masu Zane Kogi

Muna tsakiyar huɗuba ranar Lahadi muka ji rugugin, daga saman tudu, har gilasan coci suka motsa. Fasto ya ɗaga kai, ya ga rufi bai faɗo ba, ya ci gaba da ba mu labarin wuta. Sai da la'asar, da Baba Wessel Plank ya hau neman saniyarsa, aka san abin da ya faru. An sare bishiyar iyaka.

Irin wadda ake kira hemlok ce, tsohuwa, ita kaɗai ta rage a duk wannan gefen na duwatsun Catskill, don majema ta cinye 'yan uwanta saboda ɓawonsu da ake jimar fata da shi. Kakan Baba Wessel ne ya sassaƙa mata alama, ita ce ta raba gonarsu da ta Jotham Hine, kuma sare irinta laifin kurkuku ne. A gindin kututturen aka tsinci gatari, kowa kuma ya san gatarin. Na Fintan Garrity ne.

Kafin rana ta faɗi ƙauye ya gama shari'a. Fintan ɗan Ireland ne, ɗaye ɓawon itace ne sana'arsa a majema, ga shi ɗan Katolika, ba ya zuwa cocinmu. Baƙo, mai gatari, wanda ba a gani a coci ba: me kuma ake jira? Aka kulle shi a rumbun maƙeri, aka aika wa ɗan doka ya zo ranar Laraba ya tafi da shi. Mai majema ya ce ranar da aka tafi da Fintan, ranar Nora matar Fintan za ta bar masa bukkarsa da suke zaune a ciki, ita da jaririnta.

Ni Keziah Teator, gidan baƙi nake riƙewa tun rasuwar mijina, baƙin nawa kuwa masu zane ne, waɗanda jirgin ruwa ke kwaso mana daga New York duk bazara su zo su zana dutse da kogi su kuma goge buroshi da tawul ɗina. Nora ce ke taya ni girki. Da na iske ta a kicin tana yanka albasa hawaye na zuba, ba kuma na albasa ba, sai na yafa mayafi na nufi wurin yayana.

Yaya Barent mai bin sawu ne. Beyar, barewa, saniyar da ta ɓata, yaron da ya gudu daga makaranta, duk shi ake kira. Da bazara kuma shi ke yi wa masu zane jagora zuwa wuraren kallo, aikin da ya tsana kamar ciwon haƙori.

"Yaya, za ka tashi ko sai an kai mutum kurkuku?"

"An ce gatarinsa ne, Keziah."

"Gatarinsa ne, amma a rumfar itacena yake kwana. Shi ke faskara mini itace. Kowa na iya ɗauka."

Ya yi tsaki ya jawo takalminsa. Barent ba ya yin komai sai ya fara yin tsaki.

*

Litinin aka tashi da hazo da yayyafi. Muka hau tare, yana gaba yana mita, don rabin ƙauye ya riga ya tattake wurin.

"Garken shanu ya fi su hankali," in ji shi. "Shanu ko ba komai hanya ɗaya suke bi."

Ya zagaya kututturen, ya shafa shi da hannu, ya sake yin tsaki.

"Wannan sara ce ko gaigaya? Kamar ɓera ya samu cuku. Dubi, ya sara nan, ya koma can, ya dawo. Da cikinta bai ruɓe ba da har yanzu yana nan yana fama. Allah ne ya so shi ba ta faɗo masa a ka ba."

"Ka ga ba Fintan ba ne ke nan."

"Ni na gani. Jotham zai ce da gangan ya ɓata sarar don kada a gane shi."

Ya sunkuya yana bin wani sawun takalmi mai ƙusoshi wanda ya zagaya kututturen ya gangara ta gabas. Muka bi shi ta cikin ƙaya da taɓo, siket ɗina ya yage, har ya kai mu bayan gidan Jotham Hine, mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a kan Fintan, wanda kuma shi kaɗai zai ci riba in iyaka ta ɓace.

Muka same shi yana gyaran shinge.

"Me ya kai ka gindin bishiyar, Jotham?" in ji Barent.

"Abin da ya kai kowa. Kallo."

"Mai kallo ba ya auna ƙasa da taku. Sawunka ya tafi a miƙe har maɓuɓɓugar ruwan Baba Wessel, ya dawo."

Kunnuwan Jotham suka yi ja. "To na auna. Laifi ne mutum ya auna? Amma lokacin da ta faɗi ina ina? Tambayi ƙanwarka, a bayanta nake zaune a coci."

Gaskiya ya faɗa, abin haushi. Ina jin minsharinsa a ƙeyata lokacin da rugugin ya tashe shi.

*

Maƙeri ya bar mu muka yi magana da Fintan ta tsakanin katakon rumbun. Yana zaune a kan buhun gawayi, gefen bakinsa a fashe.

"Wa ya yi maka wannan?" na tambaye shi.

"Duhu ne a rumbun nan, uwar ɗakina. Na yi karo da hannun wani."

"Ina kake da safiyar Lahadi?" in ji Barent.

"Ƙofar gidana, riƙe da yaro, Nora na shanya. Na ji sara tun asuba, na ce wane marar tsoron Allah ne wannan. Da ta faɗi na ga sama ta buɗe a kan tudu. Ban hau ba. Na ce duk wanda aka fara gani a wurin shi za a kama." Ya yi 'yar dariya. "Ashe ba sai na hau ba."

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Nora. Sun ce shaidar mata ba ta wanke miji. Yaron kuma bai fara magana ba."

Ya tambaye ni ko Nora ta ci abinci. Na ce ta ci, ƙarya nake yi.

*

Muka sake hawa tudun, don Barent ya ce bai gama da shi ba. Wannan karon bai kula kututturen ba, ya nufi falalen dutsen da ke bayansa, inda masu zane suka saba zama. Ya durƙusa ya daɗe, har na fara jin sanyi a ƙashina.

"Zo ki gani."

Ramuka uku ne ƙanana a ƙasa, na ƙafafun abin da suke jingina allon zane. Wannan ba labari ba ne, wurin cike yake da irinsu. Amma a cikin ɗaya akwai ɓarɓashin itace sabo, fari, ƙafar ta danna shi har cikin ƙasa.

"Ɓarɓashi ya riga ƙafa zuwa," in ji shi. "Wani ya sare bishiyar nan, ya jefar da gatari, ya kafa kayansa ya zauna zane. Baƙinki nawa ne suka je coci?"

Ko ɗaya. Uku ne a gidan a lokacin. Mista Thaddeus Ormsby, babba a cikinsu, mai gemu da tumbi, wanda ya ce dutse ne cocinsa. Mis Lavinia Crowell, wadda ke hawa tudu da takalmin maza. Sai Mista Enoch Pruitt, siriri, marar magana, wanda ya taɓa kwashe mako guda yana zana ganye ɗaya na kabejina ya hana ni tsinka shi.

"Ormsby ne," na ce. "A kan teburina ya ce bishiyar nan ta tsaya masa a wuya, ta tare kogi."

Barent bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya faɗa ɗakin Mista Ormsby da taɓon takalminsa a kan daɓena. Ga zane nan jingine, ƙato: falalen dutse, kwari, kogin Hudson can nesa, rana na faɗuwa kamar an zubar da tukunyar zuma. Babu bishiya.

"Ina bishiyar, Mista Ormsby?"

"Na cire ta."

"Ka amsa ke nan."

"Na amsa me, bawan Allah? Na cire ta, na cire majema, na matso da wancan dutsen kusa don ya yi nisa da yawa. Kana so ka kama ni da satar dutse?"

Dariya muka ji a bakin ƙofa. Mis Crowell ce, har tana riƙe ciki. Ta je ta ɗauko nata zanen ta ajiye kusa da nasa. Wuri ɗaya ne, babu bishiya.

"Mista Barent, in wannan ce shaidarka sai ka nemo keken doki babba. Duk mai zanen da ya taɓa zama a dutsen nan ya sare bishiyar nan, da buroshi. Ni tun makon jiya na sare tawa, taɓa ka ji, fentin ya bushe."

Barent ya dubi wannan ya dubi wancan. A inda bishiyar take, Mista Ormsby ya sa tafki da kwale-kwale. Mis Crowell ta sa makiyaya da shanu uku.

"Babu tafki a wurin nan," in ji shi. "Babu makiyaya."

"To wa ya sani? Bishiya ta rufe. Abin da ba ka gani ba sai ka ƙirƙira, sana'ar ke nan. Masu saye a New York ba su taɓa zuwa sun duba ba." Ta goge idonta. "Mutum ɗaya ne a gidan nan ba zai iya ba. Su Mista Pruitt wata ƙungiya ce da suka yi rantsuwa ba za su zana abin da ido bai gani ba, ba kuma za su bar abin da ya gani. In ƙuda ya sauka a kan ganye, sai ƙudan ya shiga."

Ta faɗa ne don ba'a. Barent bai yi dariya ba, bai ma yi tsaki ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ya juya ya fita, na hango shi ta taga yana hawa tudun karo na uku, shi kaɗai.

*

Talata da hantsi hazo ya washe. Barent ya sa na kwashe kwanuka daga ɗakin cin abinci, ya tara mutane: Baba Wessel, Jotham, maƙeri riƙe da Fintan, masu zane uku, da duk wanda ya samu wurin tsayawa a bakin taga. Nora ta tsaya a ƙofar kicin da yaro a kafaɗa.

"Kowa ya kawo abin da ya zana daga falalen dutse," in ji Barent.

Biyu suna nan jingine. Mista Pruitt ya ce nasa bai ƙare ba, ba ya nuna aiki rabi.

"Mista Pruitt," na ce, "ko ka ɗauko shi ko in ɗauko shi da hannun da na yi kwaɓin burodi."

Ya ɗauko. Ƙarami ne, bai kai faranti biyu ba. Da ya yaye ƙyallen da ya rufe shi, ko Jotham da bai san zane daga bangon rumbu ba ya gane wurin. Kowane dutse yana inda Allah ya ajiye shi. Hayaƙin majema ma yana nan, da kututturan da ta bari a gefen tudu.

"Baba Wessel," in ji Barent, "shekara nawa kana zama a dutsen nan?"

"Tun ina yaro."

"Ka taɓa hango wannan daga can?"

Ya nuna tsakiyar zanen, daidai inda bishiyar ta saba tsayawa. Babu tafki, babu shanu. Wata 'yar bukka ce ta katako, da igiyar shanya, da mace tana miƙa hannu sama, da namiji a bakin ƙofa cikin jar riga, riƙe da wani abu fari a ƙirji. Duka bai fi tsawon yatsa ba.

Baba Wessel ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa fenti. "Ba a ganin gidan Garrity daga can. Bishiya ta rufe shi."

"Ta rufe shi har safiyar Lahadi. Jiya hazo ne, ko hannunka ba ka gani a kan tudu. Da la'asar ɗin Lahadi kuwa wannan mai jar rigar yana hannunku. To yaushe aka zana shi a ƙofar gidansa?"

Duk ido ya koma kan Mista Pruitt. Ni na zaci zai musa, ko ya gudu, ko ya yi kuka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, in ji mutane. Wannan ko gezau.

"Da safiyar Lahadi," in ji shi. "Hasken ya yi kyau ƙwarai."

"Kai ka sare ta?"

"Ni ne. Ta tare lanƙwasar kogi. Ba zan iya barinta a cikin zanen ba, ba kuma zan iya yin ƙarya in ce ba ta nan ba." Ya dubi Mista Ormsby da raini. "Wasu suna iyawa."

Baba Wessel ya nemi kujera ya zauna. "Kakana ne ya yi mata alama," ya ce.

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. "Mista Pruitt, kwana biyu kana zaune a teburin nan ana maganar an kulle mutum saboda bishiyar nan. Matarsa ce ta zuba maka miya. Ba ka ji ba?"

"Na ji ana wata magana." Ya ɗan yi tunani, da gaske yake tunanin. "Babu wanda ya tambaye ni, Misis Teator. Da an tambaye ni da na faɗa. Ba na ƙarya."

Ban taɓa jin sha'awar kwaɗa wa baƙo ludayi kamar ranar ba. Barent ya riƙe mini gwiwar hannu, ya san halina.

Maƙeri ya saki hannun Fintan a hankali, kamar wanda ya manta yana riƙe da shi. Na bakin taga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Jotham ya ce shi dai dama abin da aka gaya masa ya faɗa. Ba wanda ya ce wa Fintan yi haƙuri. Fintan ya ƙarasa gaban zanen ya tsaya yana kallon ɗan mutumin mai jar riga.

"Nora, zo ki ga," ya ce. "Har facin wandona ya sa."

*

Ɗan doka ya zo ranar Laraba kamar yadda aka kira shi, ya sha shayi da Mista Pruitt, ya koma shi kaɗai. Kawun Mista Pruitt lauya ne a birni, aka sasanta da Baba Wessel, aka kafa dutse a gurbin bishiyar. Fintan ya koma bakin aikinsa. Sai dai tun da bishiyar ta faɗi babu abin da ke tare wa bukkarsa rana da iskar tudu, hunturun nan sau biyu rufin yana ɗagawa.

Da bazara ta zagayo Mis Crowell ta dawo, ita kaɗai a cikin ukun. Tana shigowa kicin ta zauna a kan akwatin itace ta cire takalmi. Fintan na bakin ƙofa yana jera mini faskare, Barent na cin abin da ba a ba shi ba.

"Kun ji labarin zanen Mista Pruitt? An saye shi. Wani mai kamfanin jiragen ruwa, don ɗakin baƙinsa."

"Allah ya sa ya ji daɗinsa," na ce.

"Da sharaɗi ya saya. Ya ce kogin ya yi, dutsen ya yi, amma ba zai ci abinci yana kallon bukkar 'yan Ireland da tsummokaransu ba. A cire."

"Pruitt ba zai cire ba," in ji Barent da baki cike. "Ya yi rantsuwa."

"Ya kwana uku bai ci abinci ba. Sannan ya cire."

"Me ya sa a wurin?"

Mis Crowell ta dubi Fintan, ta sunkuyar da kai.

"Bishiya," ta ce. "Hemlok, babba. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, tun da ya taɓa ganinta a wurin."

Barent ya ajiye cokali. Fintan ya ɗora itacen ƙarshe a kan jerin, ya karkaɗe hannunsa a jikin jar rigar.

"To madalla," ya ce. "Ko a can dai mun samu inuwa."

Ya saɓa gatarinsa ya tafi da shi gida. Tun daga Lahadin nan bai sake barinsa ya kwana a rumfata ba.